Yaron da na kora daga aji

Ranar Lahadin da ta wuce na miƙa makullin kabad da rajistar yara ga wadda za ta gaje ni, bayan shekara 18 ina koyarwa a makarantar Lahadi ta wata ikilisiya da ke tsallaken kogi, a kudancin garin Kaduna. An yi mini taron ban kwana. Zumuntar Mata suka ba ni turmin atamfa da kular abinci, dattijon da ke kula da sashen yara ya tashi ya lissafa kofuna 3 da ajina ya ciwo a gasar gunduma. Jama'a na tafi, ni kuwa hankalina yana kan wani yaro da ba wanda ya ambata. Ba zan kama sunansa ba.

A 2012 ne, lokacin bazara, saura mako 2 a yi gasar haddar ayoyi. Ajina na 'yan shekara 11 zuwa 14 ne, muna zama a rumfar kwano bayan majami'a, zafi na dukanmu ta sama. Ranar muna bitar Zabura 46, wadda ta fara da cewa Allah ne mafakarmu da ƙarfinmu, mai taimako a lokacin wahala. Ina faɗa suna maimaitawa, na ga ya ɗaga hannu daga bencin baya. Yaro ne mai shiru, bai taɓa ba ni wahala ba. Ya ce, "Malama, in haka ne, ina Allah yake ranar da Babanmu ya fita?"

Duk ajin sun san maganar. Mahaifinsa ya fita a rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, bai dawo ba, ko gawarsa ba a samu ba. Ni ma na sani, har gaisuwa na je. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai, nan ba wurin gardama ba ne. In ba za ka yi hadda ba, tashi ka ba mu wuri." Bai ce uffan ba. Ya ninke takardar ayar gida huɗu, ya ajiye ta a kan benci, ya jawo silifas ɗinsa wanda aka ɗaure igiyarsa da waya, ya fita. Na juya na ce wa sauran, "Daga farko." Suka ɗauka.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa matsin lamba ne. Akwai gaskiya a ciki. Shekarar da ta gabata mun zo na huɗu a gasar, dattijon nan ya tsayar da ni a gaban malamai ya ce na kunyata ikilisiya, ya tambaye ni ko na san irin kuɗin motar da aka kashe. Mutum ne da bai taɓa zama a ajin yara na minti 10 ba, abin da yake dubawa adadin kawuna ne da kuɗin baikon da yara ke bayarwa da kofi. Sau uku ina roƙon a ware mana ɗan abin da za mu riƙa kai ziyara gidajen yara, sau uku yana cewa babu kuɗi, a shekarar da aka sa tayil a babban ɗakin sujada. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba shi ya kori yaron ba.

Gaskiyar ita ce tsoro na ji. A rikicin Fabrairun 2000 muka baro gidanmu a arewacin gari da kayan jikinmu kawai, kuma irin wannan tambayar ta kwana a ƙirjina shekara da shekaru, na danne ta da waƙa da hidima. Da yaron ya furta ta a fili sai na ji kamar ya tona ni. Ga Littafi Mai Tsarki a hannuna. Da na buɗe masa Zabura 13, inda Dawuda yake tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi. Da na nuna masa Zabura 22, wadda Yesu da kansa ya ɗauki farkonta a kan gicciye yana kuka ga Allah don me ya yashe shi. Ga Ayuba, ga Habakuk. Duk na san su, na ma taɓa sa yara su haddace. Ko kuma in zauna kusa da shi in ce, "Ɗana, ni ma na yi wannan tambayar, tsaya bayan an tashi mu yi magana." Ban yi ko ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya ya fi korar muni. Lahadi ta zagayo bai zo ba, na sa masa alamar fashi. Ta biyu haka, ta uku haka. Gidansu bai fi tafiyar minti 15 da majami'a ba, kullum ina cewa sai bayan gasa. Muka ciwo kofi. Da na ɗaga maganar ga dattijon, ya ce, "Malama, ki ji da waɗanda ke gabanki. Uwarsa ce za ta kawo shi." Na ji sanyi a raina don an sauke mini nauyi. Da sabuwar shekara ta kama na buɗe sabuwar rajista, ban kwafi sunansa ba.

Sai bayan fiye da shekara na haɗu da mahaifiyarsa a kasuwar Sabon Tasha, tana sayar da kayan miya. Ta riƙe hannuna tana godiya wai ina kula mata da shi. Ashe kowace Lahadi yana wanka, ya ɗauki Littafinsa ya fita, ya je ya zauna a garejin masu gyaran babur har a tashi daga sujada. Ita ta ɗauka yana wurina. Ni na ɗauka yana wurinta. Fasto ya ɗauka aikin sashen yara ne. Mazan da suka ɗauki alkawari a wurin zaman makoki cewa ba za su bar marayun nan su yi kukan rashin uba ba, kowa ya koma harkarsa. Ikilisiya mai ɗaruruwan mutane, muna cewa ɗa na kowa ne, amma wannan ɗan ya zama ba na kowa ba, ba wanda ya lura.

Tun daga nan na daina yarda da yadda muke tafiyar da abin. Ku yi lissafi: awa 1 a mako, Lahadi 52, awa 52 ke nan a shekara, kwana 2 da 'yan awoyi. A ciki za a cire makara da kiran suna da raba faɗa. A kan wannan ne iyaye suke ɗora ran ɗansu, su turo shi da naira 50 ta baiko su ce sun sauke. Alhali a Maimaitawar Shari'a sura 6, inda aka ba da umarnin koya wa 'ya'ya, wuraren da aka ambata su ne zaman gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Bulus kuma da zai yi wa Timoti maganar bangaskiyarsa, kakarsa da mahaifiyarsa ya ambata.

Ni ma ta wannan hanyar na samu. Kakata mutuniyar ƙasar Zazzau ce, ba ta yi boko ba, a ajin baftisma ta koyi haɗa baƙi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na Wusasa ya sha wahala a kansa shekaru da yawa tare da wasu, kuma irin wannan tsohon bugun ne take da shi, bangonsa ya cire ta ɗinke da zare. Bayan tuwon dare sai ta jawo fitilar ƙwai, ta ɗora yatsa a kan layi tana karantawa a hankali, mu yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ta yi addu'a tana kiran sunan kowannenmu. In na yi mata tambayar da ta fi ƙarfinta takan ce, "Wannan kam ban sani ba, 'yar nan, amma na san wanda ya riƙe ni." Ba ta taɓa korata ba. Yau yawancin yaran ajina ba sa iya karanta Hausa, Turancin kuma suna karantawa ba tare da ya shiga ba, kuma da na tambayi nawa ne ake addu'ar dare a gidansu, hannuwan da suka tashi ba su da yawa. Lokacin da muke zaune a tsohuwar unguwarmu, maƙwabcinmu Musulmi kullum da yamma sai ya zaunar da 'ya'yansa ya ji abin da suka karanto a Islamiyya, komai gajiyar da ya dawo da ita daga masaƙa. Na girmama shi a kan haka tun a lokacin, yanzu na fi ganewa. Littafin Mahukunta ya ba da labarin tsarar da ta taso bayan Joshuwa ba ta san Ubangiji ba. Duk sanda na karanta wurin, iyayensu nake tunani.

Sauran abin da na koya ba su da tsawo. Bulala tana sa a haddace aya, ba ta sa a so ta. Yaron da ya yi fashi sau biyu a jere, a je gidansu a makon, ko da kuɗin aljihu ne. Maza su shigo aikin nan, don a shekara 18 waɗanda suka daɗe tare da mu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ga yara maza marasa uba cike da benci. Kuma abin da muke faɗa a tsakar gida game da mutanen arewacin gari, wancan tsallaken kogi, yara suna ji. Ba yadda za a yi in koya musu ƙaunar maƙwabci da safe, da rana su ji ana zaginsa a kan tabarma, a ce darasina ne zai zauna. Bayan 2013 ajina bai sake ciwo kofi ba sai sau ɗaya, dattijon bai daina yi mini gori ba. Amma na san ƙofar gidan kowane yaro da ke rajistata, kuma wadda na miƙa wa makulli ranar Lahadi ɗalibata ce.

Shekara 3 da suka wuce na tare Keke a Sabon Tasha, ina shiga direban ya waiwayo ya ce, "Malama, ina wuni." Ya zama saurayi, har da gemu. Da muka isa na ce ya kashe injin. Na ce, "Ɗana, na yi maka laifi tun kana yaro. Tambayarka daidai ce, ni ce na kasa. Ka gafarce ni." Ya sunkuyar da kai yana murza makulli, ya ce, "Ba komai, Mama, ya wuce." Ya ƙi karɓar kuɗina. Na tambaye shi ko yana zuwa sujada wani wuri, ya ce sai a hankali. Na karɓi lambarsa. Ina kiransa duk farkon wata, wani lokaci ya ɗauka, wani lokaci ta yi ta ƙara har ta katse. Takardar da ya ninke ya bari a kan benci tana cikin Littafina, a Zabura 46.