Sana'armu Tsara Tambaya Ce, Ba Ma Saka wa Mutum Magana a Baki

Ofishinmu ɗaki biyu ne a kan bene a Kano. Muna tsara tambayoyin bincike, mu mayar da su Hausa, mu horar da masu shiga gida-gida, mu tace amsoshin da suka dawo da su. Muna kuma duba rubutun ɗaliban digiri na biyu da na uku. Masu zuwa wajenmu ɗalibai ne, da ƙungiyoyin da ke aikin lafiya ko noma, da 'yan kasuwa masu son sanin ko kayansu zai karɓu. Yawanci da takardarsu a hannu suke shigowa, su ce fassara kawai suke so. Ni kuwa ba na fassara takardar da ban gyara ba, ko nawa za a biya ni.

Ga irin abin da ake kawo mini: "Shin kin yarda kai yaro rigakafi haƙƙi ne a kan kowace uwa ta gari?" Wace uwa ce za ta dubi baƙuwa ta ce a'a? An riga an gaya mata amsar da za ta fitar da ita kunya. Mu sai mu ce: "Wasu iyaye suna kai yara rigakafi, wasu ba sa kaiwa, kowa da dalilinsa. Yaronki na ƙarshe an taɓa yi masa?" Daga nan a nemi ganin kati in akwai. Ko a tambayi manomi: "Ka gamsu da farashin taki da ingancinsa?" Takin ya yi masa kyau a gona, kuɗin ne ya fi ƙarfinsa. In ya ce e, wanne ya amsa? Tambaya biyu ce aka cusa a layi ɗaya, dole a raba su. Tambaya kamar tiya ce a kasuwa: in an bubbuge gindinta, duk wanda aka auna wa da ita an tauye shi, ko da mai awon bai yi niyyar cuta ba.

Ɗalibai suna ƙaunar ma'aunin nan mai hawa biyar da wani masani Ba'amurke, Rensis Likert, ya fito da shi a 1932, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". Ma'aunin ba shi da laifi. Amma sai ka ga jimla ashirin duk sun fuskanci gabas, duk yabon abu ɗaya suke yi. Mu kuwa mutane ne masu kara. Baƙo ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, yana karanto magana, abin da zai fito daga bakin dattijo shi ne "haka ne". Shi ya sa na fi son a ajiye wa mutum ra'ayi biyu masu karo da juna, a ce wasu na cewa kaza, wasu na cewa kaza, wanne ya fi kusa da naka? Ta haka duk wanda ya zaɓa yana da 'yan uwa a kai, bai saɓa wa baƙonsa ba.

A Samaru ta Zariya na koyi wannan aiki, wajen wani malamina, Allah ya ji ƙansa. Lokacin takarda ce da fensir, mu cika jaka mu hau bayan akori-kura zuwa ƙauye. Kafin a fita sai ya zaunar da mu kowa ya karanta tambaya da baki, shi yana rufe da ido yana saurare. Da ya ji muryarka ta ɗaga a kan wata amsa sai ya ce sake. Ya hana mu gyaɗa kai, ya hana mu cewa "madalla" ko "ai kuwa" bayan mutum ya amsa, domin da zarar ka ce madalla ka nuna masa hanyar da ke faranta maka, sauran amsoshin can za su bi. Har yau da wannan nake fara horar da yarana, kuma ya fi komai ba su wuya, don an tashe mu a kan amsa wa mai magana.

A wajensa na fara jin labarin mujallar Literary Digest ta Amurka. A zaɓen shugaban ƙasar na 1936 ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon ne zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa daga kundin masu tarho da masu mota ta fi ɗebo su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka mayar da amsa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi, ya tambayi mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, amma ya faɗi wanda zai ci daidai. Ina ba da labarin nan ga duk wanda ya ce mini zai tura tambayoyinsa a WhatsApp ya tara amsa dubu a kyauta, alhali bincikensa a kan matan karkara ne.

Abin da ya bambanta mu da wasu shi ne mun san inda tambaya take tuntuɓe a ƙasar Hausa. Ka tambayi tsohuwa shekarunta, za ta ce hamsin ko sittin, sai ka tarar amsoshi sun taru a kan lambobi masu ƙarewa da sifili ko biyar. Muna da jerin abubuwan da kowa ke tunawa: rasuwar Sardauna a 1966, canjin hannu a 1972, fitowar naira a 1973, kisan Murtala a 1976, rasuwar Abacha a 1998, rasuwar Sarkin Kano Ado Bayero a 2014. "Mama, lokacin canjin kuɗi kin yi aure?" Daga nan lissafi ya fito. Ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, wata za ta tsallake ɗan fari saboda kunya, wata ba za ta ambaci wanda ya rasu ba, wata ba ta son ƙirga 'ya'ya gaba ɗaya. Ana bi ne ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kuma mace ce ke tambayar mace, a cikin ɗaki, ba a zaure maigida na tsaye ba. Ka ce "ku nawa ne a gidan nan" a gidan gandu, wani zai ƙirga har iyalan ƙannensa, wani kansa da matansa kawai. Mu masu ci daga tukunya ɗaya muke ƙirgawa, mu faɗi haka a cikin tambayar.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne layin ilimi da na sana'a. Takarda ta jera firamare, sakandare, jami'a, sai "babu". Alaramman da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, a ina za a saka shi? Matar da ke soya ƙuli-ƙuli, tana dama fura, tana ɗinkin hula, tana zubin adashi, sai a rubuta mata "ba ta aiki". Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu, amma har gobe ana kawo mini takardun da ba su san da shi ba.

Yawancin irin waɗannan takardu daga shagunan bakin ƙofar makarantu suke fitowa. A sauko da tambayoyin wata ƙasa daga intanet, a canza sunan gari, a buga. Wasu har cikawa suke yi a gindin bishiya, mutum ɗaya da biro kala uku. Sai ɗalibi ya zo yana taya aikina da farashinsu, yana cewa can rabin haka ake yi. Araha ba ta ado. Mu da manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox muke aiki a waya, kowace hira tana dawowa da wurin da aka yi ta da lokacin da ta ci, kuma muna komawa wasu gidajen mu tabbatar an je. Abin da masu ciniki suka fi son a cire don a rage kuɗi shi ne gwajin farko, wato a kai tambayoyin ga mutane kaɗan irin waɗanda za a tambaya, a ji yadda suka fahimce su. Ina iya rage ribata, amma wannan ba na cire shi. Akwai kuma masu ce mini a hankali suna so sakamakon ya nuna shirinsu ya yi nasara. Waɗannan nakan raka su har bakin bene cikin mutunci.

Yarana ba sa saka riga mai tambarin ƙungiyar da ta ba da aiki, don da an ga tambari za a zaci rajistar tallafi ce, mai shanu ya ce ko akuya ba shi da ita. Afrobarometer, da ke jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka tun 1999, tana rufe hirarta da tambayar mutum wa yake zaton ya aiko masu binciken. Na ɗauki wannan dabara, domin amsar wanda ke zaton gwamnati ce ta aiko ka daban take.

A rubutun ɗalibai ma son rai yana shiga, sai dai a ɓoye. Ɗalibi ya tambayi 'yan makaranta ɗaya, ya rubuta "matasan Arewa". Alƙalumansa sun nuna abu biyu suna tafiya tare, ya rubuta ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Ya kawo marubutan da suka goyi bayansa, ya bar waɗanda suka saɓa masa. Ya rubuta "saboda jahilci" a inda mutanen suka gaya masa asibitin ne ya yi nisa, kuɗin mota babu. Nakan ja layi a ƙarƙashi in tambaye shi: a wace amsa ka samo wannan? Ba ma rubuta wa kowa kundinsa, kuma ba ma taɓa lamba ko ɗaya. Mai son mu yi aiki tare ya zo da manufar bincikensa da daftarin tambayoyinsa tun bai kai su wajen bugawa ba, ya kuma gaya mana su wa zai tambaya da garin da suke.