Tun CI ake baro yaranmu a baya

Assalamu alaikum jama'a. Duk shekara in sakamakon BEPC, jarabawar ƙarshen koleji, ya hito sai gari ya ɗauka, a fada, a bakin kasuwa, a gurup ɗin WhatsApp maganar guda ce, wai yaran yanzu ba su da kai, ba su son karatu, sai waya da kallo. Maganar ga tana ƙona mini rai wallahi. Yawancin yaran da ke faɗuwa a 3e, ajin ƙarshe na koleji, tun CI da CP, azuzuwa biyu na farkon firamare, aka baro su, aka yi ta tura su gaba aji bayan aji ba su iya haɗa baƙi ba, kuma babu wanda ya tsaya ya duba har sai da jarabawa ta tona.

Akwai wani gwaji da ake ce ma PASEC, ƙungiyar ministocin ilimi ta CONFEMEN ke shirya shi a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A na 2014, cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, ba su kai 10 cikin 100 ba waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata. A na 2019 an samu ci gaba, an kai wajen 30 cikin 100, alhamdu lillahi, amma dai ka lissafa, cikin yara 10 da suka yi shekara 6 suna zuwa lakwal, 7 ba su gane abin da suke karantawa da kyau. Shin duka su bakwai ɗin nan daƙiƙai ne? Haba.

Ina cikin COGES, kwamitin iyaye da malamai mai kula da lakwal ɗin unguwarmu, don haka ina shiga aji ina gani. Yaro zai tashi ya karanta maka shafi guda cif ba gargada, murya sama, mushe, wato malamin, na gyaɗa kai, amma ɗora yatsanka kan kalma guda a tsakiyar shafin ka ce mishi wannan fa, sai ya yi tsit, ko ya koma farkon layi yana rerawa a hankali har ya iso wurin. Hadda ce ya yi. In madam ta ce a ɗaga ardwaz, na gaba su rubuta, na baya su leƙa su kwafa, hannuwa duka su tashi sama, kai ka ce kowa ya gane. Akwai wata yarinya 'yar CE2, aji huɗu na firamare, da ke tallar awara da marece, in ka sayi ta dala 35 ka ba ta dala 100, kafin ka rufe baki ta miƙo maka dala 65 ba kuskure. Wannan lissafin dai aka rubuta mata a tabulo, 500 a cire 175, ta yi ta zana sanduna a ardwaz har lokaci ya ƙare. Masu bincike sun ga irin haka a garin Resife na Burazil tun 1985, yara 'yan talla suna cin kusan duk lissafin da aka yi musu a bakin ciniki, in aka maida shi kan takarda sai su yi ta faɗuwa. Kan yana nan lafiya lau, hanyar da ake bi a isa gare shi ce ta toshe.

To mi ke sa wani yaro ya koya wani ya kasa? Tsohuwar muhawara ce. A 1966 wani masani a Amurka, James Coleman, ya yi bincike kan ɗalibai sama da 600,000, ya ce gidan da yaro ya hito ya fi makarantar da yake zuwa tasiri. Mutane da yawa sun riƙe wannan kamar an gama magana, ɗan talaka sai haƙuri. Amma a 1983 Heyneman da Loxley suka duba ƙasashe 29 suka ga cewa a ƙasashe matalauta abin ya sha bamban, ingancin makaranta da malami ya fi nauyi sosai. Ni kam na ga dalili a ciki. Yaron da a gidansu babu littafin boko ko guda, baba na gona ko kasuwa, inna ba ta yi lakwal ba, in bai samu karatun a aji ba ina zai same shi? Ajin nan shi ne duk abin da gare shi.

Kuma a ajin, ranar farko, ɗan shekara 7 da bai taɓa jin Faransanci ba ake so ya koyi sabon harshe kuma ya koyi karatu cikin harshen lokaci guda. Kaya biyu aka ɗora ma ɗan ƙaramin jaki. A wancan PASEC na 2014 ƙasar da ta yi zarra a ƙananan azuzuwa ita ce Burundi, ƙasa matalauciya kamar tamu, amma yaransu da harshen Kirundi suke fara karatu. Maƙwabtanmu Najeriya ma sun gwada a Ife daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, aka koyar da yara shekara 6 da Yarbanci, Turanci ya zamo darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ma mun san wannan tun da daɗewa, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, ga shi a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, amma shekara 50 da ɗoriya yawancin yaran karkarar Mayahi da Dakoro da Tasawa har yanzu da harshen da ba su ji suke fara CI.

Na san tsoron iyaye, ni ma uba ne. Wani zai ce mini, malam, in ɗana ya yi ta karatun Hausa wa zai ɗauke shi aiki? Tambaya ce ta gaskiya, kada a raina ta. Babu mai cewa a jefar da Faransanci ko Ingilishi. Yaro sau guda yake koyon yadda baƙi ke haɗuwa ya ba da sauti, sauti ya ba da ma'ana, in ya kama wannan da harshen da yake ji sai ya ɗauke shi ya tahi da shi wani harshen. Amma fa sai da littattafan Hausa a hannun yara da malamin da aka koya ma rubuta Hausar daidai, in ba haka ba sunan kawai aka canza.

Kawo littafi kaɗai ma bai isa ba. A yammacin Kenya an raba ma makarantu littattafai aka bi sawu, sai aka tarar yaran da dama ke kan gaba su kaɗai suka ƙaru, sauran ko motsi, don littafin da Turanci yake kuma ya fi ƙarfinsu. Haka porogaram ta karatu take yi muna nan, mushe na gudu ya gama ta kafin inspekta ya zo, yaran benci biyu na gaba na biye da shi, sauran 60 ko 70 suna zaune dai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta hito da wata dabara mai sauƙi, a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ware waɗanda ba su san baƙi ba, da masu baƙi, da masu kalma, da masu iya karanta labari, a koya ma kowa daga inda ya tsaya ko da awa guda ce a rana, ba ruwanka da ajin da yake. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, da suka samu kyautar Nobel a 2019, sun gwada ta sau da yawa sun ga tana aiki. Ko nan gida, shirin École pour tous da Japan ta fara tallafawa a Tawa a 2004 ya nuna iyaye ta hanyar COGES suna iya shirya ƙarin awoyin karatu da marece da kansu.

Sai maganar lokaci, wadda kowa ya sani. Ana buɗe lakwal a Oktoba daidai lokacin girbin hatsi da gyaɗa, ajin zana kuma ba ya tsayuwa sai an samu kara, ga yajin aiki, ga malami ɗan kwantiragi da zai bar aji ya tahi gari biɗar kuɗinsa na wata, kafin ka ankara iskan damina ya kwashe rumfar. Ba mu manta da Nuwamban 2021 ba, da gobara ta ci yara sama da 20 cikin irin waɗannan azuzuwa a garin ga na Maraɗi, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Yaron da ya zo da yunwa ko zazzaɓin cizon sauro ma ko yana zaune a benci ba ya nan. Ɗiya mace kuma, in ta kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba ta iya karatu ba, da wace hujja za ka tare uban da ya ce gara ta yi aure?

A babban taron iyaye mai zuwa zan roƙi dirakta ya bar mu mu gwada duk yaran CE1 da CE2 ɗaya bayan ɗaya, da takarda guda mai baƙaƙe da kalmomi da ɗan gajeren labari na Hausa da na Faransanci, wanda ba su taɓa gani ba balle su haddace, a karanta sakamakon gaban kowa ba tare da kiran sunan yaro ba. Akwai samarin unguwa masu BAC, takardar gama sakandare, da ke zaune a fada suna shan shayi, wasu sun ce mini za su ba da awa guda bayan la'asar in an samu tabarmi da alli, kuɗin allin kuma kwamiti zai iya hiddawa.