Daga Urfa zuwa Gobekli Tepe

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Turkiyya a Istanbul suke tsayawa, su sari kaya su juyo. Ni na zarce Urfa, can kudu maso gabas kusa da iyakar Siriya. Na fara da tafkin kifayen nan da mutanen garin ke cewa nan Namarudu ya jefa Annabi Ibrahim (AS) cikin wuta, sannan washegari da sassafe na shiga mota zuwa Gobekli Tepe, tafiyar kamar rabin awa.

Tudu ne a fili, ba inuwa sai wata babbar rumfa da aka kafa a kan ramukan tono. In ka leƙa ƙasa sai ka ga ginshiƙan farin dutse masu faffaɗan kai an jera su a da'ira, biyu manya a tsakiya, wasu sun haura mita biyar. An sassaƙa musu dila, maciji, kunama, ungulu da gursunu. Wasu har da hannuwa da ɗamara, alamar mutum ake nufi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, masu wannan aiki ba su san ƙarfe ba, ko tukunyar ƙasa ba su fara ginawa ba. Da dutse suka sassaƙa dutse. Klaus Schmidt, Bajamushen da ya fara tonon a 1995, a kan wurin ya ƙarar da sauran rayuwarsa har ya rasu a 2014.

A bisa gadar katakon da ke zagaye ramukan na haɗu da wani dattijo Ba'amurke mai fara'a. Da mai yi mana jagora ya ce ginin ya kai wajen shekara 11,500, sai ya girgiza kai. A wurinsa duniyar kanta ba ta wuce shekara 6,000 ba. Wannan lissafi ya samo asali ne daga irin aikin James Ussher, babban limamin coci a Ayalan, wanda a 1650 ya bi jerin zuriyoyin da ke cikin Baibul ya tsayar da halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dattijon ya ce ruwan Ɗufana ya rikita ma'aunin kabon da masana ke gano shekarun tsofaffin abubuwa da shi, don haka gwajin ba abin dogaro ba ne.

Ban ja da shi ba, ya girme ni. Amma hujjar ba ta shige ni ba. Kabon-14, wani sinadari da ke jikin gawayi ko ƙashi, rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730, kuma masana ba su tsaya nan ba: sun auna shi da zoben cikin kututturen itatuwa, zobe ɗaya duk shekara, jere ba yankewa har fiye da shekara 12,000 baya. Ƙirga ne da ido.

Har na so in ce masa, Baba, ba sai an zo Turkiyya ba. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a inda yau take jihar Yobe, ya kai shekara 8,000. Wato ya girmi ranar Ussher da kusan shekara dubu biyu. Kafin in buɗe baki motarsu ta yi hon, muka yi sallama, ni kuma na wuce Karahan Tepe, inda har yanzu ake tono irin waɗannan ginshiƙai.