Takardun da ke tsakanin injin wuta da babban layi

Shekara biyu ke nan ina riƙe wa kawuna takardun wani aiki da ya sa a gaba a nan Legas. Shi da abokan cinikinsa uku, waɗanda suka daɗe suna fataucin hatsi tsakanin Arewa da Agege, sun haɗa jari domin su kafa tashar samar da wuta mai amfani da iskar gas a wajajen Ikorodu, su riƙa sayar wa wata masana'anta. Fili ya samu, an yi cinikin injina, kuma a lokacin dukanmu mun ɗauka abin da ya rage bai wuce jan waya ba.

Masana'antar ba ta kusa da filin, saboda haka dole wutar ta bi ta layin wani. Tun da aka sayar da kamfanonin PHCN a watan Nuwamban 2013, samar da wuta da rarraba ta sun koma hannun 'yan kasuwa, amma manyan layuka masu kilobolt 330 da 132 sun ci gaba da zama a hannun kamfanin gwamnati, TCN. Ƙa'idar da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a 2017 ta ba manyan masu amfani da wuta damar saye kai tsaye daga mai samarwa, bisa sharaɗin a biya mai layi kuɗin dako. A kan wannan damar su kawu suka gina lissafinsu.

Takarda mafi nauyi ita ce rahoton injiniyoyi game da haɗawa da layi, kuma ita ce wadda ba na ƙorafi a kanta ko kaɗan. Ana so a san ko tashar taransfomar da za a shiga tana da sauran wuri, da abin da zai faru idan waya ta tsinke ko injin ya tsaya bagatatan, da kuma ko na'urorin kariya za su yanke tashar kafin matsalarta ta bazu. Babban layin ƙasa yana tafiya ne a kan bugu 50 a cikin daƙiƙa, kuma daga cibiyar Oshogbo ake sa masa ido dare da rana. Tashar Egbin mai megawat 1,320 maƙwabciyarmu ce a Ikorodu, kuma duk wanda ya taɓa kwana a duhu saboda babban layi ya faɗi ba zai so a bar kowa ya jona injinsa ba tare da an gwada shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kowace takarda take jiran 'yar'uwarta. Banki ba ya sakin kuɗi sai ya ga yarjejeniyar sayen wuta. Mai saye ba ya sa hannu sai ya tabbatar an amince a haɗa ka da layi, mai sayar da gas yana son ganin wanda zai biya, neman lasisi kuma, wanda ya wajaba ga duk tashar da ta haura megawat ɗaya, yana bukatar shaidar waɗannan duka, har da takardar binciken muhalli.

Ba zan manta da wani dare a gidan kawu ba, bayan sallar isha'i, janareta yana ruri a bayan taga, na shimfiɗa fayil bakwai a kan tabarma ina jera su. A nan na lura wasiƙar amincewar da masana'antar ta ba mu ta wata shida ce, kuma wa'adinta ya cika kwana tara kafin rahoton injiniyoyi ya iso. Kawu ya cire tabarau ya ce, "Yanzu, ɗana, komawa farko za mu yi?" Na ce, "Kawu, sai dai mu roƙe su su sabunta." Sun sabunta, amma a kan farashin da ya gaza na farko, domin sun gane mun ƙagu.

Ba ƙananan masu jari kaɗai abin ke samu ba. A 2016 kamfanoni 14 na wutar hasken rana sun sa hannu a yarjejeniya da NBET, kamfanin gwamnati mai sarin wuta, yawancin ayyukan a jihohin Arewa, amma shekaru suka shuɗe ana jayayya kan farashi da takardun lamuni ba a gina tashoshin ba. Wannan ya fi kome yi mini ciwo, domin garuruwanmu ne suka yi asarar.

Yanzu an samu sauyi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar Legas a Disamban 2024, jihar kuma tana da hukumarta, LASERC. Sai dai manyan layukan suna nan a hannun tarayya, kuma tun 2025 aikin juya babban layi ya koma hannun wata hukuma dabam, NISO. Mai tasha irin tamu zai yi hulɗa da jiha da tarayya a lokaci guda. A ganina abin da ake bukata shi ne hukumomin su fitar da jeri ɗaya da ke nuna takardar da ke gaba da wadda ke biye, su sa wa kowane mataki wa'adin amsa, su kuma riƙa ba da amincewar wucin gadi wadda banki zai karɓa.

A watan jiya injiniyanmu ya kawo shawarar a bar batun babban layi, a shiga ta layin kilobolt 33 na kamfanin rarraba wuta, ko da za a rage girman tashar. Kawu bai amince ba tukuna. Ya ce in lissafa masa takardun da za su ci gaba da aiki idan an sauya, kuma na ƙirga uku daga cikin bakwai.