Faifan Baba da rana ta lanƙwasa

Jiya da yamma a gidanmu na Maraɗi muka buɗe tsohon akwatin Baba, Allah ya jiƙansa. Ƙarƙashin rigunansa muka tarar da ƙananan faifan garmaho, masu waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, da ya riƙa sayowa daga Kwatano da Legas lokacin yana fatauci. Zafi ya lanƙwasa rabinsu kamar ganyen da ya bushe, gara kuma ta cinye kwalayen.

Na zauna na yi shiru. Sai ɗan yayata ya ce, "Kawu, saurari wannan." Ya kunna mini a wayarsa tarin kiɗan fonk na Benin da Togo na shekarun 1970, wanda kamfanin Analog Africa na Jamus ya tattara ya fitar a 2008. Da jita da ganga suka tashi, wallahi sai na ga Baba a kan tabarma yana kaɗa ƙafa.

Har kiɗan Mamman Sani, makaɗin ƙasarmu Nijar, na 1978, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013. Abin ya tsaya mini a rai.

Faifan Baba da suka tsira na goge su da tsumma mai laushi, na jera su a tsaye cikin ɗaka. Wa ke da garmaho mai aiki a garin nan?