Har mai buga jaridar aka ɗaure

Shekara 14 ke nan ina da ɗan shagon buga takardu. Inji ɗaya gare ni, tsohon Kord da na saya na hannu, sai injin yanka da yara uku. Abincinmu katin biki ne da rasit da kalanda, in zaɓe ya zo kuma fosta. Ba ɗan jarida ba ne ni, amma tun ranar da na karanta yadda Mahatma Gandhi ya yi da jaridunsa nake ganin kamar maƙwabcin shago ne.

A Afirka ta Kudu ya fara, da Indian Opinion, wadda ta fito a Durban a watan Yuni na 1903 cikin harsuna huɗu: Turanci, Gujarati, Hindi da Tamil. Duk wanda ya san jera haruffa da hannu ya san wannan ba ƙaramar wahala ba ce, kowane harshe da nasa akwatin haruffa. A 1904 ya kwashe maɗaba'ar zuwa wata gona a Phoenix, bayan gari. Daren farko, an jera shafuka an ɗaure, inji ya ce bai san zancen ba. Injiniya ya yi iya yinsa ya haƙura. Sai suka tashi kafintocin da ke barci a wurin, aka kama juya ƙafar injin da hannu, Gandhi ma yana karɓar nasa layin, har gari ya waye. Da safe aka taɓa injin, ya tashi kamar ba shi ba. Na yi dariya har da hawaye, don janareto na ya yi mini haka ana gobe ɗaurin aure, katin mutum 500 na jira.

Da ya koma Indiya, a 1919 ya karɓi Young India ta Turanci da Navajivan ta Gujarati, ana buga su a Ahmedabad. Talla ko ɗaya bai yarda a sa ba. A ganinsa mai talla yakan sayi bakin jarida, gara masu karatu su riƙe ta da kuɗinsu. Kuma sun riƙe, don akwai lokacin da kowace ta kai kwafi wajen 40,000. Nan kam na sara masa, amma ba zan iya ba. Mujallar wata makaranta da nake bugawa, ba don tallan masu shaguna a bangon baya ba ko kuɗin takarda ba za ta mayar ba.

A 1933, yana kurkukun Yerwada, ya kafa jaridar Harijan don yaƙi da ƙyamar da ake wa mutanen da al'adar Hindu ta ce ba a taɓa su. Shafukanta cike suke da zancen rijiya da masai da saƙa da shiga wurin ibada, abubuwan da manyan jaridu ke gani ƙasƙanci ne. Ambedkar, wanda daga cikin mutanen ya fito kuma yana da nasa jaridun, bai gamsu da hanyar Gandhi ba, kuma ina ganin yana da hujja.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shari'ar Maris 1922. Kan maƙala uku na Young India aka gurfanar da Gandhi, alƙali Broomfield ya ba shi shekara shida. Kowa ya san wannan. Wanda ba a cika ambata ba shi ne Shankarlal Banker, mai buga jaridar, da ke tsaye gefensa. Shi ma ya amsa laifi, aka ba shi shekara ɗaya da tarar rufi 1,000 na kuɗin Indiya.

Mu a sana'ar nan mun saba cewa, "Ni dai aiki aka kawo mini." Na faɗe ta ba sau ɗaya ba. Zaɓen da ya wuce wani ya shigo da takarda, ba suna ba sa hannu, zagin wani ɗan takara ne har da iyayensa, yana son kwafi 5,000 kafin asuba, kuɗi hannu. Lokacin ana bi na kuɗin haya wata biyu. Na ce masa, "Alhaji, a ƙasan duk abin da ya fita daga injin nan ina sa sunan shagona, kai ma sai ka sa naka." Ya naɗe takardarsa ya fita. Bayan kwana biyu na gan ta manne a bangon kasuwa, tawadar ma duk ta zuba.