Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tafiyarmu Madina Ni da Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon na tsaya ne a inda Inna ta sauka filin jirgin Jidda a watan Janairun 2024, na rungume ta ina kuka tana cewa ke 'yar nan sake ni mutane na kallo. Ni ce 'yarta ta fari, har yau bata taɓa kiran sunana ba. Toh daga nan zan ɗora.

Kwananta uku a gidanmu tana hutawa, ƙafafu sun kumbura saboda zaman jirgi, ga ciwon gwiwar da ta daɗe tana fama dashi. Dare na huɗu muna zaune a falo ina shafa mata man zafi sai tace, "Ni fa ba cin shinkafar Larabawa ne ya kawo ni ƙasar nan ba, yaushe za'a kaini in gaida Manzon Allah?" Sallallahu alaihi wa sallam. Abban yara ya sunkuyar da kai, dan hutunsa na shekara ya riga ya ƙare tun lokacin da yaje gida rasuwar mahaifinsa. Yace Inna ku ƙara haƙuri zuwa wata mai kamawa in sha Allahu. Bata ce komai ba, ta dai ja carbinta, amma ni na san shirun Inna. Kawai naji bakina yace ni zan kaita, ni da Baffa. Baffa ɗana ne na fari, shekararsa 13 a lokacin, sunan mahaifina ne dashi.

Sai kun san wacece ni kafin ku gane girman maganar nan. Na zo Jidda a 2019, kuma wlh shekarata ta farko ko bagala, wato shagon bakin layinmu, bana iya zuwa ni kaɗai, Larabcin babu, hanya ban sani ba, waya kuma banda WhatsApp ba abinda nake taɓawa. Korona ce ta tilasta min. A 2020 aka kawo Tawakkalna, manhajar waya ta gwamnati mai nuna matsayin lafiyar mutum, aka kai lokacin da ba zaka shiga manyan shaguna ba sai ka buɗe ta ka nuna wa mai gadi, dole na koyi saka lambar igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da jiran saƙon lambar sirri. Wadda ta zaunar dani ta koya min ita ce 'yar Umma, maƙwabciyata. Umma a nan Jidda aka haife ta, iyayenta mutanen Katsina ne da suka zo aikin hajji suka zauna, Hausarta rabi da rabi ce da Larabci, waya ma jawwal take ce mata. 'Yar tata kuwa in na ce ki yi min, sai ta ture min wayar tace "la la Anti, da hannunki, gobe bana nan wa zai miki?" A lokacin haushi nake ji, yanzu kullum sai na mata addu'a.

Akwai abinda har yau yake min ciwo. Lokacin da aka buɗe umara bayan korona sai da tasrihi, wato izini, ake shiga, ta manhajar Eatmarna ake ciro shi, wadda daga baya a 2022 ta koma Nusuk. Wani mutum a unguwarmu, ɗan uwanmu Bahaushe fa, yana karɓar riyal 50 a hannun kowace mace wai zai ciro mata tasrihi. Ni ma sau biyu na bashi. Ashe abin nan kyauta ne, ko halala ɗaya ba'a biya, minti biyar ka gama. Mata masu shugul a gidajen mutane, wata sai ta wanke banɗaki nawa kafin ta haɗa hamsin ɗin nan. Shi yasa duk wadda ta zo min yanzu nake mata irin yadda aka min, in ture mata wayarta ince danna da kanki.

Toh a daren ban yi barci da wuri ba. 'Yar Umma ta taɓa gaya min cewa in zaki Madina kar ki fara da tikiti, ki fara kama lokacin shiga Rauda tukun, wato wurin da ke tsakanin ɗakin Annabi da mumbarinsa, sauran duk su biyo bayansa, dan tikiti da ɗaki kullum ana samu amma gurbin Rauda na mata sai an dace. Na buɗe wa Inna nata Nusuk ɗin a ƙaramar wayar da na siya mata, mu mazauna lambar igama muke sakawa, ita kuma baƙuwa lambar fasfo da ta biza. Na duba babu gurbi. Da asuba na duba babu. Kwana uku ina dubawa, ina girki ina dubawa, har Abban yara ya fara cewa ko dai a haƙura a je a yi sallah a masallacin kawai, nace a'a, matar nan shekara 68 tana jiran ranar nan. Ranar ta ukun wajen la'asar sai ga gurbi ya buɗe na daren Talata, hannuna har rawa yake na kama mata, na koma tawa wayar na kama wa kaina. Kuma a lokacin doka ce in ka shiga sau ɗaya sai bayan shekara zaka sake samu, kenan in ya kuɓuce shikenan, bizar Inna ba zata kai ba.

Daga nan na shiga HHR Train, manhajar jirgin ƙasan Haramain. Ka zaɓi tasha, ka zaɓi rana da awa, kuɗin yana bambanta daga lokaci zuwa lokaci, ka saka sunan kowa da lambarsa, har kujerar da kake so kai zaka zaɓa, na ɗaukar wa Inna ta jikin taga. Na biya da katin banki na mada. Anan muka yi 'yar rigima da ita, dan ta haɗo buhun tsaraba guda, kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, wai na wata 'yar garinmu da ke aure a Madina, ga akwatinta, alhali babbar jaka ɗaya aka yarda wa mutum kuma kar ta wuce kilo 25. Da ƙyar ta yarda aka raba kayan a jakata da ta Baffa.

Masauki shi ne na fi ɓata lokaci a kai. Kowane otal zai rubuta miki minti biyar zuwa Harami, toh minti biyar ɗin wa, kuma zuwa wace ƙofa? Masallacin Annabi ba ƙaramin wuri bane, in kika sauka ta kudu sai kin zagaye harabar kafin ki kai wajen mata, ɓangaren mata ta arewa yake. Sai na riƙa ɗaukar sunan otal daga Booking ina sakawa a Google Maps, in danna alamar mai tafiya a ƙafa, duk mintin da ya bani in ninka shi biyu saboda gwiwar Inna. Kuma ina karanta abinda waɗanda suka kwana a wurin suka rubuta, musamman maganar lifta, dan wani otal ɗin bayan sallah sai kayi rabin awa a layi kafin ka hau. Na sauke taswirar Madina gaba ɗaya a wayata yadda ko babu data zata buɗe.

Ranar Litinin da safe na kira mota ta Careem zuwa tashar Sulaimaniyya, tun kafin mu shiga na ga kuɗin da lambar motar da sunan direban, na tura wa Abban yara tafiyar yana kallonmu daga wajen aiki har muka sauka. Ba ciniki, ba "kam riyal", ba gardama da Larabcin da bai nuna ba.

Jirgin nan a 2018 ya fara aiki, layin kilomita 450 ne daga Makka zuwa Madina, mu daga Jidda kusan awa biyu muka yi, tafiyar da a bas sai ta cinye maka awa biyar ko fiye. Da ya miƙe hanya Baffa ya nuna wa Inna allon da ke rubuta gudun, yace Inna kin ga 300. Tace maigidan rufa min asiri bar nuna min. Ta ɗan jima tana kallon duwatsu da rairayi ta taga, sai ta fara bani labarin da tun ina yarinya nake jin gutsi-gutsinsa amma ban taɓa jinsa a jere ba sai ranar. Mahaifinta, Malam, a ƙasa ya zo hajji tun kafin a haife ta. Ta riƙa lissafa garuruwan da yatsu kamar mai karanta sura: Maiduguri, Fallomi wato Injamena ta yanzu, Abashe, Junaina, Fashir, Ubayyid. Kuɗi ya ƙare, suka tsaya a Jazira suna tsinkar auduga damina bayan damina har suka tara na jirgin ruwa, daga Sawakin suka tsallako teku zuwa Jidda. Shekara bakwai kafin ya koma gida, har an fidda rai. Ƙanensa da suka taho tare bai koma ba, yayi aure a Maiwurno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sai tace, "Wai wannan abin naki da ya san ko'ina, ya san Maiwurno?" Na rubuta, na gwada rubutu biyu uku, sai gashi ya fito, a bakin kogi kusa da Sinnar. Na buɗe mata hoton sama, ga rufin gidaje ga gonaki ga ruwa. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta kawo ta kusa da ido, ta ɗora yatsa a kai, taswirar ta zame ta gudu, tace au na ɓata, na dawo mata da ita. Jikokin baffan nata da suna turo mata gaisuwa ta murya, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 saƙon ya fara yankewa, zuwa lokacin an yi wata biyu ba labari. Bata yi kuka ba, ta dai riƙe wayar a haka har muka fara hango gidajen Madina.

Daren Talata tun bayan isha'i muka kama hanya a hankali, Baffa ya rako mu har inda maza suke tsayawa. Na saka wa Inna wayarta a 'yar jaka na rataya mata a wuya ƙarƙashin hijabi, na kunna mata live location na WhatsApp na awa takwas zuwa wayata. Layin mata ya miƙe, ma'aikatan suna ta "tasrih ya hajja, tasrih". Na buɗe nawa ya fito. Na ciro na Inna, Nusuk ya tsaya yana ta juyawa ya ƙi buɗewa. Ashe da rana tayi ta kiran bidiyo da 'yan gida tana nuna musu koren kubba, data ta ƙare tas, ni kuma ban duba ba. Na nuna hoton tasrihin da na ɗauka tun a gida, matar ta girgiza kai tace sai dai a buɗe manhajar a gabanta. Na so in haɗa mata da tawa datar, wlh duk da na iya, a wannan lokacin kaina ya ɗauke, na rasa inda ake shiga, ga cajin wayata saura kaɗan, ga layi na ture mu gefe. Inna ta kalle ni tace, "'Yar nan in ba rabo a bari." Ni kuwa hawaye kawai.

Sai naji murya a bayana, "Baiwar Allah mi ya faru?" Wata mata ce 'yar Damagaram da ayarinsu. Ban gama bayani ba 'yarta ta buɗe hotspot ta karɓi wayar Inna ta saka lambobin da kanta, ko minti ɗaya ba'a yi ba tasrihin ya fito, aka haska aka ce tafaddali. Ko sunansu ban tambaya ba, Allah ya saka musu da Aljanna.

Abinda ya faru a ciki bazan iya rubuta shi duka ba. Wurin da Annabi SAW yace tsakanin gidansa da mumbarinsa dausayi ne daga dausayin Aljanna, Inna ta samu gefe ta tada sallah, matar da a gida a kujera take sallah ranar sai da ta kai goshinta ƙasa. Na tsaya a bayanta na tokare da hannuwana kar a taka ta, ina jin tana ambaton Malam da ƙanensa da mutanen Maiwurno ɗaya bayan ɗaya. Nima na samu nayi raka'a biyu a gurguje kafin a fara cewa yalla yalla.

Wajen fita ne turmutsutsu ya raba mu. Na fito haraba na duba gabas da yamma, hijabai iri ɗaya ko'ina, ga manyan lemomin inuwar harabar an naɗe su duk ginshiƙan sun zama kama ɗaya. Na buɗe WhatsApp gabana na faɗuwa, dan na san in tayi nisa da 'yan Damagaram ɗin wayarta ba zata nuna ba. Sai ga ɗigon yana motsi kaɗan kaɗan ta ɓangaren Baƙi'a, ashe tare suka fito. Na bi shi ina kallon waya ina kallon mutane har na same ta zaune a gindin ginshiƙi a tsakiyarsu, an bata zamzam a kofi, suna ta hirar wani malami da suka sani a Zinder. Cajina saura 3 a lokacin. Washegari da sassafe na sa mata data, na siyo power bank a shagon ƙasan otal.

Muna komawa ɗaki a daren ina cire mata safa tace, "Gobe ki tambayi wayar taki hanyar Ƙuba, Malam yace a ƙasa ya taka daga nan." Nace Inna kilomita uku ne da wani abu fa, ga gwiwarki. Tace toh a kira motar, amma a sauke ta nesa kaɗan ta ƙarasa da ƙafarta.

Mako mai zuwa in Allah ya kaimu zan baku labarin Ƙuba da Uhudu, da yadda muka ɗauki harami a Abyar Ali muka wuce Makka.